Tururuwa, Lemo da Bijimi: Yadda Na Auno Igiyar Gadarmu

Da sunan Allah wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya rataye wata ba da igiya ba, ya ba tururuwa nata ƙarfi, ya ba bijimi nasa, bai zalunci kowa a rabon ba. Bayan haka, ku matso ku ji labarin wani matufki da ya bar gida saboda igiya, ya dawo gida da igiya.

Ni ne wanda ake kira Nomau matufki, sunana na yanka kuwa Zubairu, ko da yake har na yi gemu ban taɓa jin sa daga bakin da ya fi cancanta ya faɗe shi ba. Ni ne ɗan fari a wurin uwata, Inna Yalwa, ita kuwa mace ce mai riƙon alkunya irin ta mutanen da. Ba ta kama sunana, ba ta yaba mini a gaban jama'a. In za ta kira ni sai ta ce, "Kai wancan!"

Garinmu Gaɓa-Biyu ake ce da shi. Rabinsa yana kan wani tudun dutse da kwazazzabo ya kewaye ta ko'ina, mai zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jiran ƙararta. Ɗaya rabin yana ƙasar sarari, gadar igiya ce ta haɗa su. Wata ranar Laraba na ƙetara sarari neman rama, da hantsi aka yi wata guguwa, gadar ta tsinke. Allah ya taƙaita, babu kowa a kanta. Amma ga ni a sarari, ga Inna a tudu.

Mutanen tudu ba su rasa ci da sha ba, suna da gonaki da idon ruwa. An harba kibiya da zare, aka ja wata siririyar igiya, kwando yana kai da kawowa a kanta. Mutum dai ba ya wucewa. Kullum da safe sai in tsaya a bakin kwazazzabo, Inna ta tsaya a nata, mu gaisa da ihu gari duka yana ji.

"Kai wancan! Wannan rigar ce jikinka tun shekaranjiya?"

"Na wanke ta, Inna!"

"Ƙarya kake, daga nan ina ganin miyar!"

Sau biyu muna tufka sabuwar igiya. Ta farko muka yi ta sili dubu shida, ta yi nauyin da ya tumɓuke turakun mutanen tudu kafin kowa ya taka ta. Ta biyu muka rage zuwa sili ɗari tara, aka ɗora buhunan yashi don gwaji, ta tsinke. Tushen ɓarnar kuwa ɗaya ne. Mu a sarari da jaki muke auna ƙarfi, mu ce igiyar nan ta jaki talatin ce. Su a tudu da ƙato suke aunawa, su ce turken nan na ƙato hamsin ne. Ƙato nawa ne a jaki? An shekara biyar ana wannan gardama ta saman kwazazzabo, har wasu dattawa muryarsu ta dushe.

Ranan dagacinmu ya ce, "Ramar gada noman shekara uku ce. Sau ɗaya ya rage mu gwada. In ta sake tsinkewa, kowa ya haƙura da gaɓar da Allah ya ajiye shi."

A safiyar nan ce na lura sai na kasa kunne sosai kafin in ji faɗan Inna. Muryarta ta fara ja da baya. Hankalina ya tashi, na ji tsoron ranar da zan ga bakinta yana motsi ba na jin komai. Na roƙi dagaci kada a taɓa ramar sai na dawo, na yanki guntun igiyar da ta tsinke na sa a jaka, na ɗaga murya na yi wa Inna sallama.

Ta ce, "Ina za ka?"

"Neman ma'aunin da ba ya jin yunwa!"

"To, ka tafi da riga biyu!"

Na yi wata huɗu ina tafiya. Na ratsa dajin da itatuwansa ke kwanciya da azahar su tashi da la'asar, na haye kogin da ke gudu gabas ran Juma'a, sauran ranaku yamma, har na iso Birnin Sili. Mutanensa masaƙa ne, zarensu ya fi na gizo-gizo laushi, hannayensu kamar ba su taɓa riƙe fartanya ba. Da tururuwa suke auna ƙarfin zare. Suna kiwon wasu jajayen tururuwai 'ya'yan uwa ɗaya, kowace janta daidai da na 'yar'uwarta, ba ƙari ba ragi. Sai su ɗaura musu zare ɗaya bayan ɗaya suna ƙirgawa da baki, har abin da ake gwadawa ya tsinke.

Murna ta kama ni. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na tafi wurin Magajin Ƙirga, wani dogon tsoho mai sanyin magana, na fito da guntun igiyata.

"Ranka ya daɗe, tururuwa nawa za su tsinka wannan?"

Sai na ji wani ya ce daga gindin bango, "Wayyo, bawan Allah, ka tambaya!"

Na waiga, na ga wani mutum zaune kan tabarma da akuya da 'ya'yanta biyu. Ya ce sunansa Cindo, ya zo wucewa ne ya yi tambaya kan igiyar ɗaure akuyarsa, yau watansa takwas. Ashe dokar garin ita ce wanda ya yi tambaya ba ya tashi sai igiyarsa ta tsinke, don a wurinsu barin ƙirga a tsakiya babban abin kunya ne, kuma lissafin da baki bai ƙirgo ɗaya bayan ɗaya ba ƙarya ne.

Aka shimfiɗa mini tabarma kusa da ta Cindo, aka fara. Ɗaya, biyu, uku. Ba su wulaƙanta mu ba, gaskiya, kullum da alkaki da nono. Amma na kwana arba'in suna ƙirga, tururuwai sun cika fili ja wur, igiyata ko gezau. Ni kuwa in na rufe ido bakin Inna nake gani yana motsi.

Hannun matufki ba ya zama banza. Ran kwana na arba'in da ɗaya na tsinci kaina ina warware bakin igiyar, sai dabara ta faɗo mini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in igiyar mai tambaya ta rame, doka ta ce wani abu?"

Magaji ya shafa gemu. "Doka ba ta san ramar igiya ba."

"Sili ɗaya da aka murza, igiya ne ko ba igiya ba?"

"Duk abin da aka murza igiya ne."

"To, ga igiyata ta rame. A sake daga ɗaya."

Su kuwa ba abin da suke so kamar a koma ɗaya. Na warware ta tas, na bar sili guda. Kwana uku ana ƙirga, a kan tururuwa ta dubu ashirin cif silin ya ce ɗas. Aka yi guɗa. Cindo bai jira an gaya masa ba, ya hau warwarar tasa da haƙori. Ranar da muka fita ya rungume ni yana kuka, ya ce lalle sai na karɓi ɗan akuya, na ce ya bar shi wurin uwarsa, na san zafin abin. Magajin Ƙirga ya yi mini kyautar tururuwa dubu a cikin gora, da ɗan zuma na ciyar da su.

Na fita da sani guda, sili ɗaya na ramarmu tururuwa dubu ashirin ne. Amma in na koma na ce wa mutanen tudu su kafa turken da zai riƙe tururuwa, jifa za su yi mini.

Na miƙa kudu har ƙasa ta tsuke tsakanin tekuna biyu. A nan Mashigin Ja yake, garin ƙarti, waɗanda sana'arsu jan jiragen ruwa ta kan wani tudun rairayi daga wannan teku zuwa wancan. Da wasu bijimai baƙaƙe suke ja, masu ƙaho kamar reshen kuka, su ma ƙarfinsu daidai wa daida. Da bijimi suke auna komai, abin da bai kai bijimi ɗaya ba kuwa sunansa babu.

A ƙofar gari akwai dutse da sarƙa, ba ya motsi sai da jan bijimi ɗaya. Kowane baƙo sai ya ja. Na tofa yawu a tafi, na ja har idona ya yi ja, dutsen yana nan inda uwarsa ta haife shi. Mai gadin ƙofa ya dubi saman kaina ya ce wa ɗan'uwansa, "Yau ba wanda ya zo."

"Ga ni nan, malam!"

"Iska ta yi yawa yau," in ji shi, ya koma ya zauna.

Haka na shiga gari na zama babu. In na yi sallama ba a amsawa, in na tsaya a hanya sai a kewaye ni kamar kututture. Da farko abin ya ɓata mini rai, har na gano daɗinsa. Na tarar da wasu baƙi goma sha ɗaya a ƙarƙashin wata tsamiya, duk babu ne, kowa ya yi ƙiba yana sheƙi. Wanda babu shi ba ya cin abinci, saboda haka ba a hana shi. Akwai wata mai fura, Allah ya saka mata, kullum sai ta dama ƙwarya guda ta ajiye a gefe, ta dubi sama ta ce, "Ikon Allah, furar nan tawa sai ta riƙa ƙarewa da kanta." In ta ga ba mu ƙoshi ba ta ƙara nono, tana mitar yadda rana ke shanye mata kaya.

Garin kuwa yana cikin damuwa. Wani ƙaton jirgi ya maƙale daf da ƙololuwar tudu wata biyu ke nan. Bijimansu arba'in ne duka duka, an ɗaura su gaba ɗaya, jirgin sai ya yi ƙara ya girgiza ya tsaya. Sarkin Ja, wani mai wuya kamar turmi da ake kira Kwasau, ya ce ba makawa sai ɗan maraƙinsu ya girma, shekara uku nan gaba. Mai jirgin yana zaune a kan kayansa yana zabga tagumi.

Na tara 'yan'uwana na gindin tsamiya na ce, "Kun ci furar mutane wata da watanni. Yau ku zo mu biya da jiki."

Da aka kora bijimai suka ɗauki ja, mu goma sha biyu muka kama jelar igiya. Ba wanda ya hana mu, ai babu mu. Na ba da waƙa irin tamu ta matufka, muka zuba ƙarfi. Jirgin ya yi ƙara, ya girgiza, ya matsa taku ɗaya, ya matsa biyu, sai ga shi ya haye ƙololuwa yana gangarawa da kansa, mai jirgin yana binsa a guje hula a hannu.

Kwasau ya ƙirga bijimansa, arba'in. Ya sake ƙirgawa, arba'in. Ya zo ya tsaya a gabanmu, gumi yana zuba, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Na ce, "Sarkin Ja, a gwada mu a dutsen ƙofa, uku uku."

Muka je. Mutum uku suka kama sarƙa, dutse ya taso. Kwasau ya zauna a ƙasa daɓas.

"Babu da babu da babu," in ji shi a hankali, "sun tashi bijimi guda?"

Sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana dukan ƙasa, ya miƙe ya ba ni hannu ya ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Yaushe a gari?" Mai fura ta dube ni ido cikin ido karo na farko ta ce, "Ashe kai ne mai shanye mini har da wankin ƙwarya."

Na gaya wa Kwasau buƙatata, na tambaye shi tururuwa nawa ne a bijimi. Ya ce shi bai taɓa sunkuyawa ya ga tururuwa ba. Amma mai jirgin ya ce ya san wata tsohuwa a wani tsibiri, Iya Dudu, wadda ke sayar wa mutanen Sili zuma, ta kuma yi wa bijiman Mashigi magani, ita kaɗai ke jin awon kowa. Ya ce ko bangon duniya ne zai kai ni. Kwasau ya ba mu aron bijimi ɗaya, don ya ce shi ma yana son jin amsar.

Kwana tara muka yi a ruwa. Tsibirin ɗan ƙarami ne, bukka ɗaya, maƙera ɗaya, da wata itaciyar lemo a tsakiya wadda 'ya'yanta duk girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya, kamar a tafi ɗaya aka mulmula su. Iya Dudu gajeruwa ce, haƙorinta biyu, tana taka zugazugi da ƙafa tana cin gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na kwashe labari na gaya mata.

Ta ce, "Ɗan nan, ka je wurin masu ganin ƙasa kawai, ka je wurin masu ganin sama kawai. Tsani kuwa da matakin tsakiya ake hawansa. Tsinko mini lemo."

Ta ɗaura lemon a zare, ta ratayo zaren ta kan wata sanda mai santsi, lemon yana lilo. Ta ce in fito da tururuwaina. Muka ɗaura su, ɗari tara da casa'in da tara lemon yana jan su baya, da ta dubu ta kama sai komai ya tsaya cak.

"Ka gani? Yadda lemon nan ke jan tafin hannunka zuwa ƙasa, shi ne jan tururuwa dubu. Yanzu ɗauko raga."

Muka wuni tsinkar lemo ni da mai jirgi, itaciyar tana mayar da wasu. Muka cika raga da dubu, muka ratayo ta kan reshe, muka ɗaura wa bijimin Kwasau ɗaya bakin. Ya ja, ragar ta ja, ba wanda ya rinjayi wani.

Na yi tsalle na yi kabbara. Tururuwa dubu lemo ɗaya, lemo dubu bijimi ɗaya.

Iya ta ce, "Kada ka yi rawa tukuna. Silinka tururuwa dubu ashirin ne, ka ce. Lemo nawa ke nan?"

Ni da zumuɗi sai na ninka maimakon in raba. Na ce, "Dubu ashirin sau dubu!"

Ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. "To me ka zo nema? Koma ka rataye garinku duka da sili ɗaya, har da dagacin." Da ta numfasa ta ce, "In ka hau daga ƙaramin awo zuwa babba, adadi ramewa yake yi. In ka sauko, ya yi ƙiba. Ƙarfin kuwa yana nan yadda yake, riga kawai ya sauya. In amsa ta fito, ka dube ta da idon hankali kafin ka faɗe ta."

Kunya ta rufe ni. Na sake, na ce lemo ashirin. Ta gyaɗa kai.

Ta tambaye ni mutum nawa da jaki nawa ke kan gadarmu a lokaci ɗaya ran kasuwa. Muka auna ni, na tashi lemo ɗari bakwai, muka kimanta jaki da kayansa, muka haɗa da nauyin gadar kanta, ya tashi bijimi ashirin. Ta ce in ninka biyu saboda guguwa da 'yan rakiyar amarya, waɗanda ba sa tafiya sai da tsalle. Bijimi arba'in, wato lemo dubu arba'in. Na zana a ƙasa da yatsa, na raba da lemo ashirin na kowane sili. Sili dubu biyu. Mun yi dubu shida, mun yi ɗari tara, amsar tana tsakani tana kallonmu shekara biyar.

Na ce, "Iya, lemo ruɓewa yake, bijimin nan kuma na aro ne. Da me zan nuna musu?"

Ta shiga maƙera ta kwana uku tana aiki, ta fito da ma'auni biyu tagwaye. Kowanne murɗaɗɗiyar tagulla ce a cikin kube, mai ƙugiya a baki, in an ja ta miƙe, da tsage-tsage a jikin kubenta daga lemo ɗaya har dubu.

"Ɗaya na sarari, ɗaya na tudu. Ba sa ci, ba sa fushi, ba sa ganin budurwa. Duk adadin da za ka ƙwala wa na ƙetare, ka haɗa da sunan awonsa, ko da maƙogwaronka zai fashe."

Na ce me zan ba ta. Ta ce in bar mata tururuwan su huta, in kuma tafi tun uwata tana da sauran murya.

Shekarata biyu da wata uku rabona da gida ranar da na iso bakin kwazazzabo. Na hango Inna zaune kan turmi a wancan gefe. Ta miƙe, bakinta ya motsa, ban ji komai ba. Wata maƙwabciyarta ce ta ɗaga murya a madadinta.

"Ta ce ina ɗaya rigar!"

Na yi dariya hawaye yana zuba, ban damu da wanda ya gani ba.

Dattawa suka taru, aka tayar da tsohuwar gardama ta jaki da ƙato. Ni kuwa sai na aika ma'auni ɗaya a kwando, na sa aka kawo jakin dagaci na ɗaura masa nawa. Da safe ya ja lemo ɗari uku. Aka ba shi dusa, ya ja ɗari biyar. Wata jaka ta gifta, ya ja ɗari tara har ya kusa tafiya da ni. A tudu suka gwada babban ƙatonsu, ya ja ɗari huɗu, 'yan mata suka fito kallo, ya ja ɗari shida. Dariya ta ɓarke gaɓa biyu a lokaci ɗaya, kwazazzabo yana amsawa. Dagaci ya share ido ya ce, "Ashe shekara biyar muna auna cikin jaki ne."

Na tsara aikin yadda ba mai ruɗewa. Sili hamsin lemo dubu ne, bijimi ɗaya ke nan. Saboda haka mu a sarari muka tufka 'yan igiyoyi arba'in, kowace sili hamsin, muka gwada samfurin kowace a ma'auni. Su a tudu suka kafa turaku arba'in a cikin dutse, kowanne aka ja shi da nasu ma'aunin har tsagar ƙarshe bai motsa ba, mu ma muka kafa namu. Kullum ana ƙwala wa juna, "Turke na sha bakwai, bijimi ɗaya, lemo dubu!" Har mata masu daka suka mayar da shi waƙa. Aka riƙa jan igiyoyin ɗaya ɗaya da igiyar kwando, ashirin dama, ashirin hagu, aka naɗe su, aka shimfiɗa gora. Muka tura buhunan yashi na bijimi ashirin da ƙari, gadar ta ɗan sunkuya, ta tsaya daram.

Al'adarmu ce matufki shi ke fara taka gadarsa, shi kaɗai, kowa yana kallo. Na yi bisimilla na ɗora ƙafa. Ban yi taku goma ba na ji hayaniya a tudu. Na ɗaga kai, sai ga Inna ta ture hannun masu riƙe ta, ta hau gada da sandarta, tana tahowa kamar mai zuwa ɗiban ruwa. Ana ta kiranta ta koma, ko waige.

Muka haɗu a tsakiya, inda iska ke kaɗawa, inda na sarari ba sa ji, na tudu ba sa ji. Ta tsufa ƙwarai, kanta bai wuce ƙirjina ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kama bakin rigata ta murza, na ce yanzu faɗa zai zo. Sai ta waiga hagu, ta waiga dama, ta jawo wuyana ƙasa ta sa baki a kunnena.

"Zubairu," ta ce. "Ka dawo, Zubairu."

Na ga bijimai arba'in suna jan jirgi, na riƙe jelar igiyarsu ban durƙusa ba. Wannan 'yar murya da ba ta kai jan tururuwa ɗaya ba ita ta kai ni gwiwa biyu a kan gora, na rungume ƙafafunta ina kuka kamar yaye.

Ta bar ni na ɗan jima, sa'an nan ta ƙwanƙwashe ni da sanda, ta tattaro sauran muryarta don jama'a su ji.

"Kai wancan, tashi ka ba mutane hanya! Gadar ta ubanka ce?"

Gaɓa biyu suka ɗauki guɗa, aka kwararo daga nan da can, da jakuna da tulu da 'yan rawa, igiya tana riƙe da su duka. Gadar tana nan har yau, ma'aunan biyu suna rataye a bakinta. Wanda ya yi shakkar labarina ya je ya ja ƙugiyar ya ga lemo nawa ya tashi. Abin da aka faɗa mini a tsakiyar gada kuwa, in kun haɗu da Inna, ba ku ji daga bakina ba.